Fatar Aro da Hukuncin Mai Miki

 

Akwai wani irin mutum wanda ma'aikatan ɗakin wankin miki suka sani sarai. Dattijo ne mai tsare salla, ciwon sukari ya fitar masa da gyambo a tafin ƙafa. An wanke, an yanke ruɓaɓɓen nama, an ɗora masa wani abu mai tsada wanda 'ya'yansa suka yi karo-karo suka saya, aka ce kada ya taɓa ɗaurin sai bayan kwana biyar. Ran da ya komo sai a tarar ɗauri ya kwance, bakin mikin ya jiƙe ya yi fari, wari ya soma. In an matsa masa da tambaya sai ya ce shi dai ba ya iya tsayuwa gaban Ubangijinsa da ƙafar da ruwa bai taɓa ba, saboda haka kowace alwala yakan ɗaga ɗaurin ya wanke ya mayar. Da yake ciwon sukari yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, ba ya jin zafi, sai ya ɗauka babu wata ɓarna da yake yi. Akwai kuma ɗan'uwansa wanda wuta ta ƙone, ya ji ƙishin-ƙishin cewa da fatar alade ake yin abin da za a lulluɓa masa, sai ya sa hannu a takarda a sallame shi, ya koma gida ana shafa masa ƙwai da baƙin man mota.

Niyyar mutanen nan biyu kyakkyawa ce, babu mai tuhumarsu a kanta. Fiƙihunsu ne da saura, kuma irin wannan saura takan ci ƙafa, wani lokaci ta ci rai. Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, labarin wani mutum da dutse ya rotsa wa kai cikin wata tafiya, sa'an nan janaba ta same shi cikin barci. Ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce ba su ga haka ba tun da ga ruwa. Ya yi wanka, ya mutu. Da labari ya kai ga Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, sai ya yi fushi ƙwarai, ya jingina kisan mutumin ga waɗanda suka ba shi fatawar, ya zarge su da ƙin tambaya alhali ba su sani ba. Abin lura shi ne mamacin ya yi tambaya. Waɗanda aka zarga su ne masu amsawa da ka. Ke nan zancen ɗaurin miki bai tsaya ga majinyaci da likita ba, ya haɗa da malamin zaure wanda za a zo wa da tambayar gobe da safe.

Shi kansa Manzon Allah an yi masa jinyar rauni. A ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, an ji masa ciwo a fuska, haƙorinsa ya karye, kwalkwalinsa ya farfashe a kansa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa Sayyidina Aliyu yana kawo ruwa cikin garkuwa, Nana Faɗima tana wankewa. Da ta ga ruwan ba ya ƙara wa jinin kome sai zuba, sai ta yanko gutsuren tabarma ta ƙone har ya zama toka, ta liƙa, jini ya tsaya. Ta duba, ta ga ruwa bai yi ba, ta bar shi ta nemi abin da zai yi, kuma ba a hana ta ba. Wannan ba izni ba ne ga mai ɗebo tokar murhu ko ƙasar bakin hanya ya zuba a rauni, gama tokar da aka ƙone nan take wuta ta riga ta kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinta, ita kuwa ƙasa gidan cutar sarƙe-haƙora ce. A zamanin Andalus kuma, likitan nan na Ƙurɗuba, Abul Ƙasim Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya bayyana ɗinke hanji da zaren da aka murza daga hanjin dabba. Ashe ɗauko wani abu daga jikin wata halitta a gyara jikin ɗan Adam da shi ba baƙon aiki ba ne ga Musulmi.

Abin da ya sake a wannan zamani shi ne fahimtar yadda fata ke tsirowa. Tun kaka da kakanni an ɗauka cewa miki sai ya sha iska ya bushe ya yi ɓawo zai warke. A shekarar 1962 wani masani ɗan Ingila mai suna George Winter ya yi ƙananan raunuka a bayan 'yan aladu, ya bar waɗansu a buɗe, ya rufe waɗansu da siririyar leda. Waɗanda aka rufe sabuwar fata ta shimfiɗu a kansu da saurin da ya kusa ninka na buɗaɗɗun. Dalili shi ne ƙwayoyin sabuwar fata rarrafowa suke yi daga gefen miki zuwa tsakiya. In sun sami danshi sai su wuce sumul, in kuwa ɓawo ya bushe a gabansu dole su nutsa ta ƙarƙashinsa suna haƙa hanya. An samo wannan sani a bayan alade, amma sani ba ya ɗaukar najasa, kuma a kansa aka gina kusan dukan abubuwan rufe miki na zamani. Sai dai a rarrabe tsakanin danshi biyu. Akwai danshin mikin kansa, wanda ke ɗauke da abubuwan da jiki ke warkar da kansa da su, shi ake so a tsare. Akwai kuma ruwan buta, wanda ke jiƙa lafiyayyar fatar gefe har ta lalace, ya kuma shigo da ƙwayoyin cuta daga waje. Kowane ɗaga ɗauri yana yage 'yar fatar da ta soma kamawa. Dattijon nan sau biyar a yini yake rushe ginin da jikinsa ya kwana yana yi.

To, da me ake yin waɗannan abubuwa? Nan ne tambaya ta biyu take, kuma amsarta ba ɗaya ba ce, domin tushensu daban-daban ne.

Mafi sauƙin hukunci su ne na teku. Akwai wani zare mai kama da auduga da ake kira aljinet, daga wata ciyawar teku mai launin ƙasa ake tace shi. In ya haɗu da ruwan miki sai ya tsotse ninkin nauyinsa da yawa, ya narke ya zama kamar kamu mai kauri, har in an zo cirewa ba ya manne wa nama. Ga mai zubar ruwa aka yi shi, busasshen miki ba ya son sa. Akwai kuma kitosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, aikinsa jawo jajayen ƙwayoyin jini su dunƙule. A shekarar 2002 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da bandejinsa mai suna HemCon, sojojinsu suka riƙa tsayar da jini da shi a fagen fama. A garin Isafjordur na ƙasar Aislan kamfanin Kerecis yana karɓar fatar wani kifin tekun arewa, ya wanke ƙwayoyin kifin tas ya bar saƙar fatar da kitsenta. In an shimfiɗa ta a gyambo sai ƙwayoyin jikin mutum su shiga ramukan saƙar su zauna, kamar yadda kabewa ke bin danga, a hankali jiki ya cinye ta ya maye gurbinta da nasa naman. Ita ma Amurka ta yarda da ita a 2013.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne aikin birnin Fortaleza a ƙasar Birazil. Tun daga 2015 likitan ƙuna Edmar Maciel da masanan jami'ar jihar Seyara ta tarayya suka soma gwajin fatar karfasa, wadda masu kiwon kifi ke zubarwa. Ana wanke ta da magunguna, a bi da ita ta wani haske mai kashe ƙwayoyin cuta, a adana cikin leda. In an lulluɓa ta a ƙunar da ba ta yi zurfi ainun ba sai ta kama, ta zauna kwana goma ko kusa da haka ba a taɓa ba, har fata ta tsiro a ƙarƙashi. Wanda ya taɓa jin kukan yaro sa'ad da ake ɓamɓare masa auduga daga ƙuna kowace safiya ya san girman wannan rahama. Karfasar nan kuwa asalinta ta kogunan Afirka ce, kai ta aka yi Birazil. Ita ce dai ake soyawa a bakin kasuwa. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta kama wuta a Majiya cikin Jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka rasu, waɗanda suka tsira da ƙuna suka cika asibitoci, kuma babban abin da irinsu ke bukata shi ne abin da zai rufe nama kafin ruwan jiki ya tsiyaye ko cuta ta shiga. Malamai sun lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya. Koyon sarrafa fatar kifin da ke cikin dam-dam na ƙasa yana cikin wannan babi, kuma nauyinsa yana wuyan jami'o'i da mahukunta da mawadata. Amma fa kada wani ya karanta wannan ya feɗe ɗanyen kifi ya ɗora a ƙuna. Sarrafawar ita ce maganin, ɗanyar fata cuta za ta ƙara.

Duk waɗannan babu tababa a tsarkinsu. Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa hukuncin Manzon Allah cewa ruwan teku yana tsarkakewa kuma mushensa halal ne, Malikawa kuma sun faɗaɗa wannan har ga abin da ke daɗewa a tudu irin ƙaguwa. Haka zuma, wadda Alƙur'ani ya ambaci warakarta a Suratun Nahli. Sukarinta yana zuƙe ruwa daga ƙwayoyin cuta, tsaminta yana hana su yaɗuwa, zumar itacen manuka ta ƙasar Niyu Zilan kuma tana da wani ƙarin sinadari mai ƙarfi. An yarda da bandejinta mai suna Medihoney a Amurka a 2007. Ita ma an tace ta an kashe ƙwayoyin da kan ɓuya a cikinta, ba ta zama ɗaya da ta kwalbar tasha ba, wadda ba a san me aka gauraya mata ba.

Sa'an nan akwai abin da aka ɗauko daga ɗan Adam. Tun 1910 aka soma amfani da siririyar fatar jakar da jariri ke kwance a ciki, wadda ke fitowa tare da mabiyiya. Akwai fatar mamaci da ake adanawa a rufe babbar ƙuna da ita na ɗan lokaci. Akwai kuma Apligraf, wanda aka yarda da shi a 1998, ana renon ƙwayoyin da aka samo daga loɓar jarirai da aka yi wa kaciya a kan shimfiɗar da aka yi da sinadarin jikin saniya. Zance mafi rinjaye wurin Malikawa shi ne ɗan Adam tsarkakakke ne da ransa da mutuwarsa, saboda haka abin dubawa a nan alfarma ce. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin Fabrairu 1988, ta halatta a ɗauki fata daga wani wuri a jikin mutum a dasa a wani, ta halatta kyautar abin da jiki ke mayarwa kamar jini da fata, ta halatta ɗauka daga mamaci in shi ko magadansa sun yarda, ta kuma hana saye da sayarwa.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne dabbobin tudu. Akwai wani sinadari da ake kira kolajin, shi ne zaren da fata da jijiya suka ginu a kai. Likitan tiyata John Burke da masanin sinadarai Ioannis Yannas, a birnin Bostan, sun haɗa kolajin saniya da wani abu daga guringuntsin babban kifin teku, suka rufe da roba mai laushi, suka sami fatar aro wadda suka ba da labarinta a 1981, aka yarda da ita da sunan Integra a 1996. Bayan mako biyu zuwa uku, jijiyoyin jini sun shiga, sai a ɗaye robar a dasa siririyar fatar mutumin kansa. Ta ceci mutanen da wuta ta cinye yawancin jikinsu, waɗanda ba su da sauran fatar da za a yanko. Ba a dai san yadda aka yanka saniyar ba. Kuma gaskiya ne, ba jita-jita ba, cewa akwai waɗanda ake yi da alade. Tun shekarun 1960 ake rufe ƙuna da fatarsa, Oasis daga hanjinsa ake yin sa, Biobrane kuma da kolajinsa. Ɓoye wa Musulmi wannan ha'inci ne, kuma likitan da ya yi haka ya ɓata amanar da sauran majinyata za su ba asibiti.

A wurin Malikawa alade mai rai ba najasa ba ne, kamar kowane mai rai, amma yanka ba ya aiki a kansa, jima kuma ba ta tsarkake fatarsa. Waɗansu malamai sun shigo ta babin rikiɗa, watau najasa ta juye ta zama wani abu dabam, kamar giya ta koma khal da kanta, ko jinin barewa ya zama almiski. Waɗansu suka ce kolajin wanke shi aka yi kawai, zarensa yana nan yadda yake, bai rikiɗa ba, kuma wannan zance yana da ƙarfi, musamman ga fata sukutum. A watan Mayu na 1995 malamai da likitoci suka yi taro a Kuwait ƙarƙashin ƙungiyar Musulunci ta ilmin likitanci. Suka tsayar cewa fatar dabbar da ake ci wadda aka yanka halal ce, ta mushe sai da larura, ta alade kuwa sai in babu halattaccen madadi kuma larura ta kama. Wannan jerin shi ne aikin majinyaci ko waliyyinsa: ya tambayi da me aka yi abin, ya tambayi ko akwai na kifi ko na roba zalla mai yin aiki ɗaya, wanda ake iya samu a lokacin da ake bukata kuma aljihu zai ɗauka. In akwai, ya zaɓe shi. In amintaccen likita ya ce babu, kuma ana tsoron rai ko gaɓa, to ya karɓa babu zunubi. Wanda ya halatta wa mai tsananin yunwa cin mushe bai wajabta wa ƙonanne ya mutu da buɗaɗɗen nama ba. Sallarsa kuma ingantacciya ce da abin a jikinsa, domin gusar da najasa an rataya shi ne ga tunawa da iko, wanda kuwa in ya cire zai cutu ba shi da iko. Imamu Nawawi na Shafi'awa ma ya ba da uzuri ga wanda aka ɗora wa karaya da ƙashi mai najasa don rashin mai tsarki.

Sai a komo ga dattijo mai gyambo. Babin da ya shafe shi yana cikin Mukhtasar na Shaihu Halilu, daf da bayan taimama, watau babin shafa a kan rauni da karan ɗori. Baihaƙi kuma ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya yi alwala hannunsa na ɗaure, ya shafi ɗaurin ya wanke sauran. Hukuncin hawa-hawa ne. Wanda wanke wurin zai cuce shi ya shafa da jiƙaƙƙen hannu. In shafar naman ma za ta cutar, ya shafi abin da aka ɗora. In an naɗe da bandeji a sama kuma kwancewa za ta yi ɓarna, ya shafi bandejin, ko da ya ɗan zarce bakin mikin gwargwadon bukatar ɗauri. Sau ɗaya ake shafar, a game dukan ɗaurin da ke kan gaɓar. Ba sharaɗi ba ne a ce an ɗaura shi yana da alwala, kuma ba a yanka masa kwanaki ba, iyakarsa warkewa. Wankan janaba ma haka.

Masu sharhi sun ce in ana tsoron halaka ko babbar cuta kamar rasa gaɓa, to shafar wajibi ce, mai wankewa ya yi saɓo. In kuwa ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa ake tsoro, to shafar ta halatta, kuma faɗin likitan da ya san aikinsa ya isa hujja. Gyambon mai ciwon sukari, wanda shi ne ƙofar yanke ƙafa, ya fi kusa da kashi na farko. In raunuka sun game jiki har wanke lafiyayyen wurin ma yana cutarwa, ko abin da ya rage lafiyayye kaɗan ne ƙwarai kamar hannu ɗaya, sai a koma taimama. Fitar jini ko mugunya daga miki ba ya warware alwala a mazhabar Malik, kuma an yi afuwa ga abin da ke tsatsafowa da kansa wanda tsare shi ke da wuya. Abin da fata ke sha daga ɗaurin ba ya karya azumi.

In ma'aikaciyar jinya ta sauya ɗauri alhali mutum yana da alwalar da ya yi da shafa, ya sake shafar sabon nan da nan, alwalarsa tana nan. In ya yi jinkiri mai tsawo sai ya sake ta daga farko. In kuwa ɗaurin ya faɗi yana cikin salla, ya yanke sallar, ya mayar da shi ko a ɗora wani, ya shafa, ya sake kabbara. Ran da likita ya cire ya ce an warke, in yana da alwala ya wanke wurin ba tare da ɓata lokaci ba. Mai shafa yana iya limanci. Wanda aka karhanta wa ya wuce gaban masu lafiya shi ne mai gyambon da ke zuba, sai ya ba na'ibinsa har Allah Ya kawo sauƙi.